Fuskar da Ba ta Bushe Ba

Ku da kuka cika mini waya da saƙo kuna cewa na fiye jan aji, har wata baiwar Allah ta rubuto wai in ba na so in miƙo mata shi, to ku gyara zama. Yau zan faɗa muku abin da ya hana ni ba Mai Firam amsa. Wanda yau ya fara shigowa kuma kada ya damu: ni ce Auta, gidanmu yana saman shagon Baba, Mai Firam kuwa shi ne saurayin da ke sa wa zanenmu firam da gilashi. Tun bara ya ce yana sona, ni kuma ina ta yi masa "bari mu gani", alhali in ya kwana biyu bai kira ba abinci ma ba ya shiga.

Sana'ar Baba kwaikwayon tsofaffin zane-zanen yaƙi ce, irin waɗanda aka yi tun kakana bai zo duniya ba, asalinsu na can rataye a gidajen tarihin ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Sai a kawo masa hoton a littafi ko a waya, ya ɗaure ƙyalle a jikin katako, ya zauna da burushi da fentin mai har ya fito da shi sak, har da 'yan tsage-tsagen da tsufa ya yi wa na asalin. Masu otal na saya, tsofaffin sojoji na saya, akwai ma wani lauya da ya cika ofishinsa da su, ban san me yake son nuna wa masu kawo ƙara ba. Ni dai a cikinsu na buɗe ido. Dawakai na jan igwa cikin taɓo, samari kwance a rami hular ƙarfe ta rufe musu gira, mata masu jinya suna ɗaure wa wani ƙafa a cikin tanti. Mama takan ce gidanmu yaƙi a ƙasa lafiya a sama, sai ranar da Gwaggo ta zo abin ya juye.

Raba aikin muka yi. Ni ce mai sararin sama da hayaƙi da taɓo da takalman soja. Fuska kuwa ta Baba ce, ita yake fara yi, kuma ba mai taɓa masa ita. Ya sha gaya mini cewa bindiga ko yaro ya zana ta, amma a fuska ake gane wannan sojan ɗan wata ne, gida yake so ya koma. Saboda fuskokin nan ake tsallake shaguna a zo wurinmu.

Wata safiya ina kallonsa ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ce hannunsa ne ya goce. Daga nan ya fara kallon mutane a kaikaice yana karkatar da kai, in an yi magana ya ce wuyansa ne ya sage. Maganar asibiti kuwa kada ma a fara. "Ni da nake jera gashin ido ɗai-ɗai da burushi za a kai wa likitan ido?" Sai ranar da ya gama fuskar wani matashin soja mai busa ƙaho, ya miƙe yana goge hannu yana murmushi, na leƙa. Jama'a, ido ɗaya ya zamo ya sauko kan kunci, bakin ya karkace, hancin ya narke. Manyan abubuwa ba sa ba shi wahala, tsakiyar abin da ya ƙura wa ido ne ke ɓace masa. Shi kuma bai sani ba, abin da ke cikin kansa yake gani a jikin ƙyallen.

"Ya kika gani, Auta?"

"Ya yi, Baba."

Ban iya taɓa fuskar nan take ba, don kullum sai ya koma mata yana ƙara ɗan taɓawa. Sai da aka gama zanen duka aka jingine shi a jikin kantar shago, ana gobe za a kai wa mai firam. Da Baba ya yi sallar asuba ya koma ya kwanta kamar yadda ya saba, na sauko bene takalmi a hannu, na bi fuskar da sanfefa a hankali, na sake ta daga farko. Da wanda ya ba da aikin ya zo ɗauka ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, kai kam kullum hannunka ƙara nuna yake." Baba ya yi dariya har da dafa ƙirji, da yamma ya sayo mana nama. Tun daga ranar kowace fuska da ta fita daga shagonmu sau biyu ake yin ta.

To ga inda matsalar take. Shagon Mai Firam yana kusa da mu, amma gidansu yana can ƙarshen gari bayan gada, sai an sauya mota. Ranar da na tare can, wa zai sauko da asuba? Zanen farko da zai fita a yadda Baba ya bar shi, a bakin baƙo zai ji gaskiya, wataƙila ma da dariya. Baba ba shi da majalisa, ba shi da gona, burushin nan ne kaɗai ke tashinsa da safe. Na gwammace a kira ni mai jan aji da in ga wannan ranar.

Ranar da Gwaggo, yayar Baba, ta zo, turarenta ya riga ta hawa bene. Doguwar riga ce a jikinta ruwan ganye, da mayafi mai duwatsu, da jakar nan tata da ko jariri zai shige. Ko zama ba ta gama yi ba ta ɗaga murya.

"Ke Auta, zo nan. Wai me yaron nan ya yi miki?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Ba shi da sana'a ne?"

"Yana da ita."

"To muni ne da shi?"

Na hau murza bakin ɗankwalina. Yaya, da ta zo mana wuni, ta fashe da dariya. "Gwaggo, dubi yadda take murza bakin ɗankwali, ai kin samu amsa."

Mama tana yanka albasa ta ce, "Ni na rasa gane kanta. In ya kira waya har gyara ɗauri take yi kamar yana ganinta, amma a ce manyansa su zo sai ta hau kame-kame."

Gwaggo ta nuna ni da murfin kwalbar ruwa. "Uwarsa ta tare ni a kasuwa. Ta ce ba ta gaji ba tukuna, amma ta kusa. Kuma akwai 'yar ƙawarta da ke ta kai mata gaisuwa, ba don Allah ba. Ko sojojin bangon can za ki aura? Matattu ne fa tun ba a haife ni ba!"

Kowa ya yi dariya har da ni, amma maganar 'yar ƙawar nan ta tsaya mini a rai. Ina shiga ɗaki waya ta yi ƙara, Mai Firam ne.

"An ce an kawo miki hari."

"Da igwa ma. Wa ya faɗa maka?"

"Ta ƙofar shagona rundunar ta wuce, ko gaisuwata ba a tsaya amsawa ba. Kin tsira?"

"Da ƙyar."

"Zanen masu jinyar nan, gobe ki kawo da kanki don Allah. Akwai abin da zan nuna miki."

Washegari na yi ta canza riga har Mama ta leƙo ta tambaya ko shagon katako ya koma wurin biki ne. A ƙarshe na tsaya a kan ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, wadda ya taɓa cewa ta yi mini kyau, na yafa farin mayafi, na rungumi zanen a hankali don fuskokin da na gyara da asubar ranar ba su bushe ba.

Shagonsa sai an hau 'yan matakalai daga titi. Ƙamshin garin katako da gam ne ke fara yi wa mutum maraba, ga firam iri-iri rataye har rufi, masu ruwan zinariya da baƙaƙe, can ciki kuma labule ya rufe ɗakin baya. Yana tsaye fensir a bayan kunne, hannun riga a naɗe. Shi ba mai saurin magana ba ne, sai ya auna ta kamar yadda yake auna katako. Ya karɓi zanen ya jingine, sannan ya ɗauko wani namu da ya riga ya sa wa firam, ya juyo bayansa, ya nuna mini wasu siraran tsinkayen katako da ya jera tsakanin gilashi da ƙyalle.

"Kin san amfanin waɗannan?"

"Ina zan sani, ni ba kafinta ba?"

"A da ba na sa su. Tun ina taya babana a shagon nan, in zanen Baba ya zo fuska ce ta fi komai bushewa, tunda ita yake fara yi. Bara aka kawo wani, na ɗora gilashi, na ɗaga in gyara zamansa, sai ga idon soja manne a jikin gilashina." Ya ɗan murmusa. "Da tsinken ashana na mayar masa da shi, Allah ya rufa asiri. Na gaba ma da ya zo, komai ya bushe sai fuska. Tun daga nan nake sa waɗannan, don gilashin ya ɗan ja baya, aikinki ya sha iska."

Aikinki ya ce. Na zauna a kan kujerar da ke cike da garin katako, rigar da na sha wahalar zaɓa ko ta kanta ban bi ba. Ashe duk watannin nan da nake ganin ni kaɗai nake ɗauke da abin nan, akwai mai fere tsinke yana kare mini shi, bai taɓa ko yi mini gugar zana ba. Na yi kuka sosai, kuma a nan na tabbatar ina son mutumin nan, so na gaske.

Ya miƙo mini hankicinsa, ya ja baya ya jingina da teburi. "Ban faɗa wa kowa ba. Amma Auta, har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Ni zan iya jira, na gaya wa Ummata ta bar maganar 'yar kowa. Baba nake ji. Babban mutum ne, ana yaba masa abin da ba nasa ba. In ni ne, a bakin 'yata zan so in ji."

"Ka bari in gama aikin da ke gabanmu."

Idonsa ya kai kan labulen ɗakin baya ya dawo. "Akwai wata amanar a hannuna, ba tawa ba ce, ba zan iya buɗe ta ba. Amma don girman Allah ki yi masa maganar kafin ƙarshen makon nan."

Raina ya ɗan sosu. "Kai ma wa'adi za ka ba ni kamar Gwaggo?"

"Roƙo nake yi."

Na so in yi maganar, Allah ya sani. Sau da yawa nakan kai masa shayi in tsaya a kansa, kalmomin na bakina. Amma a 'yan kwanakin nan Baba wani irin nishaɗi yake ciki. Kullum da la'asar sai ya sa hula ya ce zai je miƙe ƙafa, ya dawo yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, yana tsokanar Mama wai ta fara tsufa ta bar shi. Ta ina zan fara? Sai in ajiye kofin in ce, "A sha lafiya, Baba," in koma kan hayaƙina.

Ranar ƙarshen mako da hantsi Baba ya fito cikin sabuwar farar riga, ya ce kowa ya shirya, akwai inda zai kai mu. Ya aika an kira Gwaggo da Yaya. Ina ɗaura ɗankwali saƙo ya shigo.

"Kin yi masa maganar?"

"Tukuna. Lafiya?"

Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa, ya daina. Kafin wani abu ya shigo Baba ya ƙwala mini kira daga ƙasa, na jefa wayar a jaka.

Shagon Mai Firam ya kai mu. An share, an jera kujeru, ga Ummansa zaune cikin shuɗin mayafi tana ta fara'a. Gwaggo ta dangwale ni da gwiwar hannu. Shi kuwa Mai Firam fuskarsa ba annuri ko kaɗan, da muka haɗa ido ya ɗan girgiza kai. A tsakiyar shagon an jingine wani babban zane an lulluɓe shi da farin ƙyalle.

Baba ya tsaya kusa da shi ya gyara murya. "Yaron nan ya zo mini da maganarsa tuntuni, na ce sai abin da Auta ta ce. To na zuba ido, na gane ba ƙinsa take yi ba. Ni take tausayi, tana ganin in ta tafi tsohon nan ba zai iya shi kaɗai ba." Ya juyo wajen da nake yana murmushi. "Shi ya sa na ari ɗakin bayan nan, na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Wannan ni kaɗai na yi shi, sama da ƙasa, ba hannun kowa. Naki ne, ki rataya a ɗakinki. Ki gani da idonki, hankalinki ya kwanta, ki tafi gidanki."

Ya janye ƙyallen.

Zanen da na fi so ne tun ina ƙarama, wanda nake buɗe masa a littafi in ce sai ya ba ni labarinsa. Tashar jirgin ƙasa, soja ya durƙusa da jakarsa a baya yana sallama da 'yarsa. Jirgin ya fito, hayaƙin ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Jar rigar yarinyar kamar a taɓa, ɗan hannunta ya damƙe maɓallin rigar uban ya ƙi saki. Amma inda fuskoki ya kamata su kasance, fenti ne kawai ya cakuɗe, ido a wajen kunne, baki a kan haɓa.

Shagon ya yi tsit. Mama ta sa hannu ta toshe baki. Umman Mai Firam ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta. Gwaggo, wadda ban taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta buɗe baki ta rufe.

"Ya na ji shiru?" in ji Baba, har yanzu da murmushinsa. "Auta, ke ce kika gaji idona. Faɗi."

"Baba, hannun yarinyar nan... wallahi ban taɓa ganin hannu irinsa ba." Kuma gaskiya na faɗa.

"Na san hannu. Fuskar nake tambaya."

Na dubi Mai Firam, idonsa ya yi ja. Na matsa na durƙusa a gaban Baba, don ba zan iya faɗa a tsaye ba.

"Ba ta fito ba, Baba."

"Ta uban ko ta 'yar?"

"Duka."

Ya juya ya matsa dab da zanen, ya karkatar da kai yana kallonsa ta gefen ido. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Mai busa ƙahon nan fa? Da masu jinya? Da wanda lauya ya ce kamar zai buɗe baki ya yi magana?"

Ya juyo wajen da nake durƙushe.

"Ke ce."

"Ni ce, Baba. Ka yafe mini."

Na ɗauka faɗa zai yi, da ma ya yi. Sai na ji tafin hannunsa a kaina, yana laluben inda ɗankwalin ya zame yana gyara mini. "Ashe haka kika iya," ya ce. "Ana ta yabon aikin 'yata a gabana, ina zaune kusa da ita, ban gani ba." Nan muryarsa ta karye, Mama ta fashe da kuka.

Bai bari abin ya yi tsawo ba. Ya ce a rufe zanen. Ya yi wa Umman Mai Firam godiya da ban haƙuri kamar baƙuwar da aka ɓata wa lokaci, ya gyara hularsa, ya nufi ƙofa shi kaɗai. Baban da ko leda ba ya yarda a riƙe masa. A bakin matakala ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ya mayar.

"Auta," ya ce, bai juyo ba. "Kama mini hannu. Ba na ganin matakalar nan."

Na kama. Hannun da sanyi, da sauran jan fenti a gindin farce. Muka sauka ina faɗa masa inda zai sa ƙafa, ina haɗiye kukana don kada ya ji. Sai da muka taka titi muka yi nisa da su Gwaggo ya ɗan matse yatsuna.

"Yaron nan kullum yana shigowa ɗakin ya kawo mini ruwa, ya tsaya a bayana yana kallo. Ya sani, ko?"

"Ya sani, Baba."

"Kuma ya bar ni na tara mutane."

Na buɗe baki in kare shi, in ce rantsuwa aka sa shi, in ce ya roƙe ni ni ce na ƙi, amma Baba ya ɗaga ɗayan hannun alamar in bari. Wayata kuwa tana ta ruri a cikin jaka, na san mai kiran, ban saki hannun Baba na ɗauka ba.